Takardar Tsire

Jiya da la'asar a Kasuwar Dole
na sayi tsiren dala ɗari wurin Gambo mahauci,
ya naɗe mini shi a fallen wani littafi
da ya tsufa har ya yi launin ƙuli-ƙuli.
Na cinye naman, takarda ta rage,
sai ga Bature yana leƙena ta cikin maiƙo.

Saje ya cika masa kumatu biyu,
haɓa a aske kamar gonar da aka share,
wuyan riga ya shaƙe shi har kunne.
Sunansa ya tafi da yagen da Gambo ya yi,
wataƙila yana can ya rungumi balangun wani.
Jikana Laminu, da ke koyon Ingilishi a lakkol,
ya shimfiɗa ta bisa gwiwa, ya bi ta da yatsa.

Wai mutumin Sikotilan ne, ƙasar sanyi da tumaki,
haihuwar dubu da ɗari takwas da wani abu,
yaji ya rufe lambar ƙarshe.
Ɗan mai masaƙa, ya karanta shari'a,
ya tsaya zaɓe ya faɗi, ya sake tsayawa ya ci.
Shekara sha tara yana hawan jirgin ƙasa zuwa majalisa,
yana musu kan harajin hatsi da kuɗin gada.
Ya jawo wa garinsu ruwan famfo,
ya ɓata da jam'iyyarsa kan maganar coci,
aka kayar da shi da ƙuri'a arba'in da biyu,
ya koma gida kiwon karnuka, tari ya kama shi,
nan shafin ya yanke, tsakiyar magana.

Famfo! Na yi dariya har na ƙware.
Laminu ya ce, Kaka, lafiya?
Na ce kwana shida ke nan namu bai ɗiga ba,
jarkoki sun yi layi tun daga Garin Malam.
Da mai sajen nan zai tashi yau,
da na ba shi ƙuri'ata har da ta Hassu.

Sai zuciya ta kai ni ga Jibo ɗan Tanko,
kakan mahaifina, kusan zamani ɗaya suka yi.
Shi aka ajiye a ƙofar Birni
yana ƙirga raƙuman fatake masu zuwa Tarabulus,
gashin jimina da jan kirgi,
kowane kaya da abin da za a zuba na wuri.
Shi ma ya yi musu, in ji tsofaffi.
Ya ce fiton ya fi ƙarfin wuyan talaka,
majema za su kwashe fatunsu su yi Kano.
Shekara goma ana jin maganarsa.
Rannan ya kwanta da rawani,
gari ya waye rawanin na kan wani.
Ba a jefa ƙuri'a ba balle a ƙirga,
raɗa ce aka yi a zaure bayan isha'i.
Ya koma noman gero can hanyar Mirya,
ya faɗi da hauya a hannu, damina na tsaka.

Babu hotonsa, babu wanda ya rubuta ranar.
Ban san ko yana da saje ba.
Ƙoƙon awon wurinsa dai yana nan,
tsagewarsa an ɗinke da zaren kaba,
Hassu na ɗibar gishiri da shi.

Na ninke Baturen gida huɗu,
na sa shi cikin ƙoƙon Jibo,
na ce ku kwana tare, kuna da hira,
ku da aka sauke kuna tsakiyar magana.

Da asuba iska ta hana itace kamawa.
Hassu ta laluba, hannunta ya samu takarda mai maiƙo,
ashana ɗaya ta isa.
Ta dama koko da ruwan jarka ta ƙarshe,
muka sha da zafinsa, ni da Laminu,
ya ɗauki jakarsa ya tafi lakkol.